Wasiƙa zuwa ga ma'aikatan agajin gaggawa: ku nemi ilimi a wayoyinku, amma ku tace shi



Ina gaishe ku duka, masu jinya a sashen gaggawa, da ma'aikatan motocin ɗaukar marasa lafiya, da jami'an kiyaye haɗurra da ke fara isa wurin da mota ta kife. Na san da yawanku rabonku da wani kwas tun kuna makaranta. Idan takardar horo ta zo, mutum biyu ko uku ake zaɓa, sauran su ci gaba da aiki da abin da suka tarar.

Wayar da ke aljihunku za ta rage wannan giɓi. Ku fara da littafin Basic Emergency Care, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa suka fitar a 2018. Kyauta ne, kuma domin irin asibitocinmu masu ƙarancin kayan aiki aka rubuta shi. Yana koyar da tsarin duba majiyyaci daki-daki: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. Ku sauke shi sau ɗaya, ba sai kun sake sayen data ba. Haka ma littattafan jagora na ƙungiyar likitoci ta MSF. Mai son ƙwarewa a karanta gwajin bugun zuciya kuwa, ya nufi taskar Life in the Fast Lane, wadda wasu likitocin Ostareliya suka kafa.

Amma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: yawancin sauran darussan da ake samu a waya a Amurka da Ingila da Ostareliya aka shirya su, inda ake da na'urar taimaka wa numfashi a gefen gado, da jini a ajiye. Abin da ya karɓi majiyyacinsu ba lalle ya karɓi namu ba.

Ga misali. Shekaru da yawa ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, jikinsa ya yi sanyi, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi kan yara sama da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, da yawansu masu maleriya da ƙarancin jini, kamar yaran da ke cika mana gadaje da damina. Waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun fi mutuwa. Ku lura, binciken bai haɗa da masu gudawa ba. Su kam ruwa ne ke ceton su. Wanda ya kalli bidiyon minti biyar bai san wannan bambanci ba, zai iya cutar da yaro alhali da zuciya ɗaya yake aiki.

Don haka duk darasin da ya zo muku, musamman irin waɗanda ake turowa a WhatsApp, ku tambaya: wa ya shirya shi, a wace shekara, kuma da wane kayan aiki? Wanda ba shi da suna ba shi da kwanan wata, ku ajiye shi. Wanda ya saɓa wa ƙa'idar asibitinku, ku kai wa likitan da ke kula da sashen kafin ku taɓa majiyyaci da shi. Ku riƙa leƙa mujallar African Journal of Emergency Medicine ma, ita ma kyauta ce.

Wani ilimin kuma ya dace da mu sarai, ba mu dai ɗauke shi ba. Binciken WOMAN na 2017, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna allurar tranexamic acid na rage mutuwar mata masu zubar jini bayan haihuwa idan an yi ta cikin awa uku. Mata nawa ke isowa wajenmu a wannan hali?

Sannan kallo ba ya koya wa hannu aiki. Ku ware rabin awa a kowane mako, ku taru lokacin canjin aiki, mutum ɗaya ya kawo abin da ya karanta, a gwada ɗaure rauni da juya wanda ake zargin ya karye a wuya. Ku sa direba a ciki, domin sau da yawa shi ne hannu na biyu a kan titi.

Ina roƙon shugabannin sassa su ba da wannan rabin awa, kuma su zauna a yi da su.

Naku,
Abokin aikinku