Takardar Koke Kan Halin da Masu Tafiya a Ƙasa Ke Ciki a Titin Katsina, Kano

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Ta hannun Mai Girma Kwamishinan Ayyuka.



Mu iyayen yara da dattawan Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa ne muka kawo kukanmu gare ka. Ranka ya daɗe, titin Katsina ya ratsa unguwanninmu ya raba su gida biyu. Sai ka ga gidan mutum a wannan hannu, makarantar 'ya'yansa da masallacin Juma'a da kemis duk a wancan. Akasarinmu ba mu da mota, ba mu da babur, kuma rana ba ta fitowa ta faɗi ba mu tsallaka wannan titi ba.

Da wakilinka zai tsaya a bakin kwalta da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko dab da Magariba idan an tashi daga Islamiyya, da ya ga abin da ke hana mu barci. Zai ga yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba riƙe da hannun ƙannenta biyu, ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye, tana jiran wani babba ya zo ta raɓe a jikinsa su haye tare. Zai ga tsohuwa ta maƙale a tsakiyar titi, gaba tirelar da ta nufi kasuwar Dawanau, baya tifa, tana ɗaga hannu babu mai kula ta. Ga 'yan A Daidaita Sahu, waɗanda suka yi yawa tun da aka hana acaɓa a 2013: inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasha, wasu kuma su yi wanwe, yaro yana duban hagu abin hawa ya ɓullo masa ta dama.

Gefen titin ma da ya kamata ya zama namu ya fi ƙarfinmu. Masu baje kaya, masu faci, motocin da aka ajiye da yashin masu gini sun cinye shi, lambatu kuma a wurare da dama babu murfi. Da damina ruwa kan shafe bakin lambatun, ba a gane inda rami yake, dole mutum ya hau kwalta ya gogi kafaɗa da motoci. Masu sana'ar nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ba mu ce a kore su su rasa abin kai wa baki ba. A ja musu layi, a bar wa mai wucewa wurin sa ƙafa.

Babban abin da ke kashe mu dai gudu ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗarin hanya na cin ran mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da ɗaya cikin biyar ɗinsu masu tafiya a ƙasa ne, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi. Ƙa'idar tuƙi a Najeriya ta tsayar da 50 a cikin gari, taron ministoci na Stockholm a 2020 kuwa ya nemi a sauko zuwa 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Amma da zarar hanya ta ɗan buɗe a wajenmu, musamman da dare, direba kan manta cewa cikin gari yake.

Wanda ya tsira da rai, sai jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ko wajen mai ɗori. Idan magidanci ne mai fita kullum ya nemo, ranar da ya kwanta ranar tukunya ta sauka. Shi ya sa bayan kowane haɗari matasa kan tara ƙasa da tayoyi su yi tudu a kan hanya, wani lokaci har su nemi taɓa direba. Muna tsawatar musu, domin tudun da ba a yi bisa ƙa'ida ba shi ma yana kayar da mai babur da dare. Sai dai yana da wuya ka ba saurayi haƙuri alhali jinin ƙaninsa bai bushe a kwalta ba.

An sha ce mana gadar sama ce magani. Tana da amfani, amma mai sanda da mai juna biyu da mai keken guragu da mai turin kurar ruwa ba sa iya hawa matakalarta, kuma su ne suka fi buƙatar kariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: abin da muka fi so shi ne mashigar tsallakawa a ƙasa, mai ɗan tudu da farin zane da danja, a daidai makarantu, masallatai da bakin kasuwa, tare da dakali a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa. A ajiye jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA a waɗannan wurare lokacin shiga da tashin makaranta, a keɓe wa A Daidaita Sahu wurin sauke fasinja, a rufe lambatu, a tabbatar fitilun titi na ci har asuba. Inda aikin ya shafi Gwamnatin Tarayya, muna roƙon ka shige mana gaba.

Ranka ya daɗe, masu unguwanninmu a shirye suke su zagaya da injiniyoyinka su nuna musu wuraren ɗaya bayan ɗaya. Don Allah a turo su kafin damina mai zuwa ta sauka.



Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara da dattawan Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa.