Kwangilar JEDI: horon ɗa'a bai isa ba idan babu mai bin diddigi

A watan Oktoban 2019 ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, ta bai wa Microsoft kwangilar JEDI, ta adana bayanan sojoji a manyan rumbunan intanet, wadda kuɗinta zai iya kaiwa dala biliyan 10. Ba a cika shekara biyu ba aka soke ta, a Yulin 2021, ana cikin shari'a da Amazon.

Rigimar ta girmi wannan shari'ar. Wani jami'i da ya taɓa aiki a Amazon ya shiga tsara kwangilar a 2017, alhali yana tattaunawa da kamfanin kan komawarsa, kuma daga baya ya koma ɗin. A Afrilun 2020 sufeto-janar na Pentagon ya ce an bi doka wajen ba da kwangilar, amma jami'in ya karya ƙa'idojin ɗa'a, ya kuma ɓoye gaskiya. Binciken ya gano wata jami'a da ta sa baki a aikin tana riƙe da hannun jarin Microsoft.

Ba rashin horo ba ne ya kawo haka. Jami'an kwangila a Amurka suna zaman horon ɗa'a duk shekara, suna cike takardar bayyana kadara. Sai dai tsarin ya jingina ne da gaskiyar mai cikewa, wato an bai wa kura ajiyar nama, an ce ta kawo rahoto da kanta. Horo yana ƙarantar da mai son gyara, ba ya kama mai son ɓoyewa. Kamata ya yi ofishin ɗa'a ya binciki kowane jami'i kafin ya taɓa takardun kwangila, ba bayan kamfanin da ya sha kaye ya garzaya kotu ba.

Matashin da ya haɗa lambar NIN da layin wayarsa yana da ruwa a wannan magana, domin kamfanonin da gwamnati ta bai wa aiki suna taɓa bayanansa. Najeriya tana da dokar kwangiloli ta 2007 da hukumar BPP. Abin da ya dace hukumomi su riƙa wallafawa a intanet shi ne sunayen jami'an da suka tantance kowace kwangilar fasaha, da kamfanonin da suka yi wa aiki a baya.