Dogaran Ƙwayar Halitta da Sankarar Huhu

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa a jikin ɗan Adam, babu wadda ta kama hankalina kamar yadda ƙwayar halitta, duk da ƙanƙantarta, ba ta rabuwa biyu sai da izini; domin kuwa akwai wasu furotin, waɗanda malaman ɗibbu ke kira saikilin da CDK, masu kora ta gaba, akwai kuma wasu, irin su p53 da RB, da ke tsaye kamar dogarai a ƙofar gari suna duba kundin gadonta, in sun ga ɓaraka su tsayar da ita har a gyara, in gyara ya faskara p53 ya umarce ta da ta mutu. Binciken wannan nizami ne ya kai Hartwell da Hunt da Nurse ga lambar Nobel a 2001. To, a sankarar huhu dogaran nan ne ake karyawa: a nau'in da ya fi yawa, kusan rabin majiyyata p53 nasu ya lalace, a nau'in nan kuwa mai ƙananan ƙwayoyi da saurin yaɗuwa, da wuya a tarar da p53 ko RB yana aikinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 1996 aka tabbatar da cewa wani sinadarin hayaƙin taba yana maƙalewa daidai wuraren da p53 ke lalacewa, magungunan toshe CDK kuma, da suka amfani masu sankarar mama, ba su yi irin wannan tasiri a huhu ba, amma har gobe mai tebur a bakin tasha yana miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu sigari kara ɗaya, ya haɗa masa da ashana.