Shawarar Jariri da Iskar da Ido Ba Ya Gani

Kowane ɗalibin kimiyya ya san iskar kabon monoksaid a matsayin gubar da ke fita daga garwashi da salansar mota da janareta. Abin da ba kasafai ake faɗa a aji ba shi ne, jikin ɗan Adam ma yana samar da ita. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Torgny Sjöstrand, ya nuna haka a 1949. Jar ƙwayar jini takan yi kimanin kwana 120 kafin jiki ya rushe ta. Wajen rushe himogulobin da ke cikinta ne ake samun bilirubin, watau sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, tare da wannan iska.

To, ina ruwan mai ciki da wannan? Idan jinin uwa Rh negatif ne, na ɗan tayi kuma fozitif, kamar yadda ya gado daga uba, cikin fari yakan tsira lafiya. Amma lokacin haihuwa ko ɓari, jinin ɗan yakan ɗan shiga na uwa, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa makamai. A ciki na gaba makaman nan kan ratsa mabiyiya su dinga farfasa ƙwayoyin jinin ɗan tayi. Bilirubin ya yi yawa, kabon monoksaid ma haka. Ɗan tayi ba ya numfashi, saboda haka sai iskar ta koma jinin uwa kafin ta fita, ga shi kuma himogulobinsa ya fi na uwarsa riƙe ta. Bayan haihuwa likitoci kan iya auna ta a numfashin jariri su gane yawan jinin da ke rushewa.

Yanzu mai karatu ya dubi ɗakin mai jego a ƙauyukan Funtua ko Malumfashi cikin hunturu: an rufe ƙofa, an toshe taga, ga kaskon garwashi. Ban ce hayaƙi ne ke kawo shawara ba. Sai dai wannan iska ta fi oksijin kama himogulobin fiye da sau 200, jaririn kuwa da ma jininsa ya ragu, ɗan abin da ya saura ne garwashin ke ƙwacewa.

Ra'ayina shi ne, kada yarinya ta bar sakandare ba ta san rukunin jininta ba, har da Rh. Mun koyi tambayar jinotaif saboda sikila, amma wannan mun bar shi a takardar jarrabawa. Kada kuma a ce ina neman raba masoya. Bambancin Rh ba ya hana aure. Tun 1968 akwai allurar anti-D, wadda ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ta kare cikin da zai biyo baya. Matar da ta haihu a gida ba ta san jininta ba, kwana ukun nan sukan wuce ana hidimar barka.

Malamai su kuma gaya wa ɗalibai cewa jaririn da idonsa ya yi rawaya tun ranar da aka haife shi, asibiti za a kai shi nan take. Hantsi da ruwan gulukos ba sa hana bilirubin taɓa ƙwaƙwalwa, abin da kan bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi.