Misali Arba'in Ba Hujja Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, zangon nan ma malaman TP sun zo mana daga kwalejin ilimi, kuma ina da magana a kan darasin lissafi.

A ajinmu, ɗaya daga cikinsu ya ce kowa ya zana alwatika, ya auna kusurwoyinta uku ya haɗa. Wani ya sami 179, wata 182, ni kuwa 177 (fensirina ba shi da tsini). Sai Malam ya rubuta a allo cewa mun tabbatar jimillar digiri 180 ce. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to alwatikar da ba mu zana ba fa?" Aji ya fashe da dariya, Malam ya yi shiru.

A ganina ba abin dariya ba ne, don misali kan yaudari mutum. Ku gwada wannan lissafin na Euler: n×n + n + 41. Daga 0 har 39, duk abin da ka sa a gurbin n, za ka sami lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Sau arba'in a jere! Amma sa 40 ka gani: 1681, wato 41×41.

Abin da ya burge ni shi ne washegari Malam ya dawo a shirye. Ya ja layi ta kan tsinin alwatikar, wanda ke tafiya daidai da layin gindi ba tare da sun haɗu ba. Ya nuna kusurwoyi biyun da suka fito a sama daidai suke da biyun gindi, ga su da ta ukun sun jeru a kan miƙaƙƙen layi. Shi ke nan, 180, ko wace alwatika ce a kan takarda. Irin wannan hujjar tana cikin littafin Yuklid na Iskandariyya, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Haka ma aljabara. Cewa 3+5 da 7+9 sun ba da cika bai isa ba. Rubuta mara biyun 2a+1 da 2b+1, ka sami 2(a+b+1), magana ta ƙare.

Ban ga laifin Malam sosai ba, koyo yake yi, wataƙila shi ma da hadda aka koya masa. Roƙona ga manyan malamanmu shi ne kada a sakar wa ɗan TP aji a koma ofis. A duba tsarin darasinsa tun kafin a kaɗa ƙararrawa, a tambaye shi dalilin kowane mataki, sannan a zauna a bencin baya a saurara.