Wa Zai Adana Muryar A'isha Falatiya?

'Yan'uwa, akwai masu cewa tsohon faifan garmaho tarkace ne, mawaƙi kuwa maroƙi ne, bai isa a rubuta tarihinsa ba. Ni ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Ku dubi A'isha Musa Ahmad, wadda mutanen Sudan ke kira A'isha Falatiya. Falata shi ne sunan da suke ba mutanenmu na yamma waɗanda suka zauna a can, da yawansu a kan hanyar Makka. Jininmu ce. Mahaifinta malami ne, bai so ta yi waƙa ba. Duk da haka wani kamfanin faifai na Masar ya kai ta Alƙahira ya ɗauki muryarta, aka riƙa sa fayafayan a wuraren shan gahawa. An buɗe Rediyon Omdurman a 1940, a 1942 kuwa ta zama mace ta fari da ta yi waƙa a cikinsa. Ta rasu a 1974. Amma ka ambaci sunanta a Kano ko Maraɗi, ka ga yadda za a yi shiru. Ashe ba abin kunya ba ne?

A Amurka, Bill Monroe da ƙungiyarsa ta Blue Grass Boys sun ɗauki waƙoƙi a Chicago cikin Satumba 1946, tare da Lester Flatt da Earl Scruggs. Kiɗan mutanen karkara ne, amma an rubuta ranar, da sunan kowane makaɗi. Ba su fi mu murya ba. Ajiya suka fi mu.

Ga abin da sakaci ke jawowa. A Afrilu 2023 mayaƙan RSF suka kama gidan rediyo da talabijin na Omdurman, inda ake ajiye tsofaffin waƙoƙin ƙasar. Sai a Maris 2024 soja suka karɓe shi. Wata 11 ke nan muryoyin nan suna tsakiyar wuta.

Wani zai ce, “Mutane na mutuwa, kai kana zancen faifai?” Gaskiya ne, rai ya fi faifai. Amma yaƙi zai ƙare, marayu kuwa za su tambaya ko su 'ya'yan wane ne. Me za mu sa musu su ji?

Saboda haka kowa ya duba akwatinsa. In akwai tsohon faifai ko kaset, a rubuta sunan mawaƙin, da shekara, da garin da aka ɗauka, a kuma kwafa shi a ajiye wuri biyu. Da na sani ƙeya ce.