Man inji da gumin mutum: lissafi biyu da ya kamata a haɗa

Kowane aiki yana cin abu biyu: makamashi da ƙarfin mutum. Makamashi shi ne itace, gawayi, isansi, gazuwal ko wutar lantarki. Ƙarfin mutum kuwa shi ne guminsa da lokacinsa. Sau da yawa idan an rage ɗaya, sai ɗayan ya ƙaru. Wanda ya lissafa ɗaya ya manta da ɗaya, asara tana jiran sa.

Darasin shekarar 2023

A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, sai kuɗin isansin da ake shigowa da shi Maraɗi da Ƙonni ya hau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. Ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun yi ta zaman jiran wuta. Ga ma'aikaci, ga gwaninta, amma aiki ya tsaya.

A lambu

Injin ban ruwa yana shayar da fangalin albasa da yawa kafin mai guga ya gama kaɗan. Ya rage wahala, amma ya kawo kuɗin mai. Idan tiyo yana yoyo, ko ana ban ruwa da tsakar rana, mai yana ƙonewa, ruwa yana tafiya a banza. Famfo mai aiki da hasken rana ba ya shan mai, sai dai sayensa yana da tsada.

A gida

Injin niƙa ya hutar da mata daga surfe da daka. Biyan kuɗin niƙa riba ne idan lokacin da aka samu ya tafi ga sana'a, karatu ko hutu. Ingantaccen murhu irin Mai Sauƙi ya fi haka: yana rage itacen da ake ƙonewa, yana rage tafiyar neman itace. A nan tsimin makamashi da tsimin ƙarfi sun zama abu guda.

A wurin sana'a

Injin da ba a sake masa baƙin mai a kan kari yana shan gazuwal fiye da kima, yana yawan mutuwa. Duk ranar da ya mutu, yaran shago sun wuni ba aiki. Kula da inji, kula da lokacin ma'aikaci ne.

Mene ne abin yi?

Kafin ka sayi inji, ka yi wa kanka tambaya uku. Awa nawa zai rage mini? Lita nawa zai sha a mako? Ranar da babu mai ko wuta, yaya zan yi?

Wanda ya riga ya saya, ya samu littafi ya riƙa rubuta man da ya zuba, awoyin da ya yi aiki, da kuɗin da ya shigo. Bayan wata ɗaya, littafin zai nuna masa ko injin ne ke yi masa aiki, ko kuwa shi ne ke yi wa injin.